Komawa Agadas da Iyali: Tsohon Gari, Tsakiya, ko Bakin Gari?

Ran wata Juma'a bayan la'asar ƙanin maiɗakina ya kira ni daga Damagaram. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Agadas, ga mata ga yara uku, kuma tun bai taka garin ba wani dillali ya turo masa hotunan gidaje uku ta WhatsApp.

"Yaya, don Allah duba mini. Na ukun nan sabo ne fil, ga tayil, ga tsakar gida mai faɗi, kuma ya fi sauran sauƙin kuɗi."

Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Hoto ba ya faɗin ƙarfe nawa famfo ke kawo ruwa, ba ya kuma nuna ta inda ruwan sama ke bi idan ya gangaro daga duwatsun Abzin. A Agadas kuwa waɗannan biyun ne ke raba gidan zama da gidan wahala. Na yi haya a garin fiye da sau ɗaya kafin na samu inda hankalina ya kwanta, don haka abin da ban samu na faɗa masa a waya ba shi nake rubutawa a nan, ko ya amfani wani malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗan kasuwa da ke shirin ɗaure kaya.

Mai zuwa Agadas yau ba garin da kakanninmu fatake suka sani zai tarar ba. Ƙidayar 2001 ta samu mutum kusan dubu 78 a garin, ta 2012 ta samu sama da dubu 110. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro 'yan ci-rani gida. A 2014 zinariya ta ɓullo a Jado da Cibarakaten, a shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Agadas. Dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta tsayar da motocin Libiya na wasu shekaru, aka soke ta a Nuwamban 2023, tasha ta sake cika. Duk wanda ya samo ɗan abin hannu daga daji, fili yake nema ya kafa tubali. Sakamakon haka gari yana faɗi da gudu, bututun ruwa da turakun wuta suna biye da shi da rarrafe. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin maganar zaɓen unguwa.

Ni a idona Agadas uku ce. Akwai tsohon gari mai kewaye da babban masallaci da fadar Sarkin Abzin. Akwai unguwannin da suka manne masa, irin su Sabon Gari da Nasarawa. Sai kuma waɗanda suka taso daga baya, su Dagamanet, Tudu, Tadres, Misrata da Peyi-Ba, har zuwa sababbin filayen da ake yankawa a bayansu, inda sai ka ga gida ɗaya tsaye, kangaye huɗu kewaye da shi.

Tsohon gari shi ne wanda kowa ya gani a hoto: hasumiyar laka mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 16, da unguwanni goma sha ɗaya masu tsofaffin sunaye, su Katanga, Amarewat, Amdit, Obitara, Akanfaya, Fune Ime. Lungunansa a karkace suke domin a kan sawun sansanonin ƙabilun Abzinawa aka gina su tun farkon kafa sarauta. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi ƙarfi a tsohon gari shi ne ginin laka. Wanda bai yi watan Mayu a Agadas ba ba zai san darajar bango mai kauri ba. Rana na haura digiri 40 a waje, ka shiga soro ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a ka. Laka na shanye zafin yini a hankali, ba ta sako shi sai dare, lokacin kuwa kowa ya fitar da tabarmarsa tsakar gida. Da hunturu kuma, lokacin da sanyin asuba ke sauka kusa da digiri 10, ɗakin nan ne dai mai ɗumi. Lungunan ma suna da inuwa, domin bango na kare bango. Ga kasuwa kusa, ga kasuwar dare, ga masallaci a kowace kwana, yaro zai je makarantar allo ya dawo a ƙasa ba tare da ya tsallaka titin manyan motoci ba.

Amma laka tana son mai kula. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an duba rufi, an buɗe indararo. Idan mai gida ba ya gari, ko magada ne da yawa kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗin gyara, ɗan haya ne zai kwana da fargaba in hadari ya haɗu. Mu mutanen Damagaram ba sai an yi mana bayani ba, mun ga yadda tsohon masallacin Birni ya zube a Satumban 2024 bayan ruwan da aka sha a shekarar. Bayan haka, mota ba ta shiga lunguna da yawa, ruwan wanke-wanke kan malalo hanya, wasu gidajen kuma bayi ɗaya ne na kowa da kowa. Tun da wurin ya zama na tarihi, ba a barin mutum ya rushe ya tayar da benen siminti yadda ya ga dama. Wani abu kuma da ba a faɗa a fili: gidajen tsohon gari na gado ne, ba a cika ba baƙo ta hannun dillali ba. Da sanayya ake shiga. In kana da uban ɗaki ko abokin ciniki Ba'agadashe da zai tsaya maka, ƙofa a buɗe take, kuma za a riƙe ka riƙon ɗan gida. Lokacin bikin Biyanu, da 'yan gabashin gari da 'yan yammacinsa suka fito da ganguna a watan Muharram, ba kallo za ka je ba, ta ƙofarka za a wuce. Wannan ni'ima ce ga mai so, ga ma'aikacin da ya kwana aikin dare kuwa sai ya yi haƙuri da barci.

Unguwannin tsakiya ba su da wannan kwarjinin, ba wanda ke ɗaukar hotonsu. Amma a nan ne akasarin ma'aikata ke ƙarewa, kuma da dalili. Tituna a miƙe suke, wasu sun samu kwalta lokacin da aka yi bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba a garin a 2016, wanda aka kira Agadas Sokni. Bututun ruwa ya daɗe a ƙasa, turakun wuta sun daɗe a tsaye. Kabu-kabu da adaidaita ba sa yi maka wuya ko da dare, asibiti da kantin magani ba su da nisa. Gidajen gauraye ne: na laka, na siminti, da na laka mai shafen siminti. Wannan na ƙarshen a dube shi da kyau. Ka ƙwanƙwasa bango da yatsa, in ka ji yana amsawa kamar ganga, shafen ya rabu da laka, ruwa na shiga tsakani, wata rana zai ɓantaro gaba ɗaya. Ka fara da bangon gabas, shi hadari ke fara duka.

Aibin tsakiya kuɗi ne da cunkoso. Haya ta fi tsada, tsakar gida ta fi ƙanƙanta, sau da yawa kuma gidan haya ne mai ɗakuna a jere, iyali huɗu ko biyar a kan mita ɗaya ta wuta da famfo ɗaya. Rigimar rabon kuɗin wuta a ƙarshen wata ta ɓata zumunci da yawa, musamman in wani ya sa na'urar sanyaya ɗaki wani kuwa fanka kawai gare shi. Kafin ka biya, tambayi yadda ake rabon, a gaban mai gida da sauran 'yan haya. Kusa da tashoshin mota kuma akwai hayaniya dare da rana, da baƙi masu shigowa yau su wuce jibi. Mai 'yan mata da samari ya yi la'akari da wannan.

Sai bakin gari, inda gidan tayil na ƙanin maiɗakina yake. A nan zan daɗe, domin a nan ne mutane suka fi ruɗuwa, ni ma a nan na fara.

Shekarata ta farko na kama gida sabo a can gefe, ginin bulo, rufin kwano, babu silin. Da na shiga a watan Disamba na ga na yi dace: iska mai daɗi, shiru, fili har yara su buga ƙwallo. Da bazara ta kama sai gida ya nuna halinsa. Kwano na ɗaukar rana tun hantsi, bulo na riƙe ta, har ƙarfe goma sha biyun dare in ka dafa bango sai ka ji kamar murhun da aka sauke tukunya yanzu. Babu itace ko ɗaya a layin. Ruwa kuwa, famfo yana nan a tsakar gida, amma da rana iska kawai yake hurawa. Sai wajen ƙarfe uku na dare za ka ji ya fara tari, ya tofo ɗan ja-ja, sannan ya miƙe siriri kamar zare. Har yau ina ganin maiɗakina zaune a kan turmi da fitilar waya a hannu, jarkoki shida a jere gabanta, tana gyangyaɗi tana jiran ɗaya ta cika ta tura ta biyu. Kafin kiran assalatu ya ɗauke. Ranar da bai zo ba sai mu jira masu amalanken jaki, su kuwa kuɗinsu na tashi daidai da nisan unguwa da tsananin rana. Da na zauna na haɗa kuɗin ruwa da na kabu-kabun kai yara makaranta da dawo da su, sai na tarar abin da na rage a haya na biya shi har da ƙari. Araha ba ta ado.

Dalilin a fili yake. Ruwan garin daga rijiyoyin burtsatse ake turo shi, kuma wanda ke ƙarshen bututu, ko wanda ke kan tudu, sai na gabansa sun ƙoshi sannan ya samu. Da bazara kowa na buɗe famfo a lokaci ɗaya. Wuta ma haka. Agadas ba ta kan layin da ke zuwa daga Najeriya, wutarta daga tashar kwal ta Anu Araren take, kusa da Cirozerin, wadda ke ba Arlit ma. Idan zafi ya tsananta buƙata takan fi abin da ake samu. Wasu sababbin layukan ma turaku ba su kai ba tukuna, sai waya da aka jawo daga maƙwabci mai nisa, ko faifan sola a kan rufi.

Ba ina cewa bakin gari ba wurin zama ba ne. Dagamanet da Tudu sun daɗe har sun zama gari guda, da makarantu da ɗakunan shan magani da 'yan kasuwanninsu, kuma a cikin unguwa ɗaya layi da layi sun bambanta ƙwarai. Mai hali, wanda ke da mota, zai iya sa tankin ruwa a sama da wani a ƙasa, ya sa sola, ya yi silin, to ya fi kowa jin daɗin Agadas: ga fili, ga iska, ga wurin ɗaure 'yan awaki. Wanda kuma ya zo da niyyar zama na dindindin, can ne kawai zai samu filin da zai saya. Sai dai ya bi a hankali. Ya ga takardar fili ta ma'aikatar magajin gari da idonsa, ya je ofishin a duba masa lambar filin a littafi, ya je wurin da mai awo a nuna masa duwatsun iyaka huɗu. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon labari ba ne a garin da ƙasa ke tsada kullum. In ya tashi gini kuma, ina roƙonsa kada ya raina laka. Magina na nan da suka gaji aikin, kuma bangon laka mai kauri a kan harsashin dutse ya fi bulo dacewa da wannan rana nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da baƙo ba ya tsammani. Garin da ruwan samansa da ƙyar yake kai milimita 150 a shekara, babban haɗarinsa ambaliya ce. Ruwan da ke cin Agadas ba lalle a kanta ya sauka ba. Yana iya zuba a kan duwatsun Abzin, inda babu ƙasar da za ta shanye shi, ya taru a koramar Telwa ya gangaro. Telwa ce ke shayar da lambunan Azel da Alarsas, ita ce rayuwar garin, amma in ta cika ta ƙetare gaɓa sai ta nemi tsofaffin hanyoyinta, ciki har da Agazar Madaran da ta ratsa gari. A farkon Satumban 2009 haka ta faru cikin dare, madatsa ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe.

Wani dattijo da na je duba ɗaki a gidansa ne ya koya mini yadda ake karanta unguwa. Na tambaye shi, "Baba, ruwa na shigowa nan?" Bai amsa ba, ya kama hannuna ya fitar da ni waje, ya nuna mini bangon maƙwabcinsa. Daga ƙasa zuwa wajen gwiwa launin lakar daban ne da na sama, an sake ɗora ta. Ya ce, "Ɗana, nan ya tsaya a waccan shekara. Gidana kuwa ka ga dokin ƙofa, taki uku za ka hau. Ubana bai yi haka don ado ba." Daga ranar na daina kallon fenti. Ina duba tsayin dokin ƙofa a layin gaba ɗaya, ina duba ko akwai buhunan yashi da aka jera a bakin ƙofofi, ko titin ya fi gidajen tudu, ko akwai lallausar laka mai tsattsagewa a kan hanya. Fili mai farin yashi mai laushi, da tumfafiya ta yi layi a cikinsa, sau da yawa hanyar ruwa ce ko da shekara biyar bai bi ta ba. Suna ma kada ya ruɗe ka. Peyi-Ba da Faransanci ƙasa mai kwari ke nan, Tudu kuwa Hausa ce kowa ya ji, amma akwai tudu a cikin kwari, akwai kwari a cikin tudu. Ƙafa ce ke tantancewa, da bakin tsofaffin layin. Dillali ba zai faɗa maka ba, mai shagon kwana zai faɗa in ka sayi shayi ka zauna.

A wannan fannin tsohon gari yana da hujja: mutanen da suka zaɓi wurin sun san Telwa, kuma babban masallaci na wurin ƙarni biyar. Matsalarsa ruwan da ke sauka a kan rufi ne da wanda ke kwanciya a lungu. Tsakiya ya danganta da kusancinka da korama da magudanar ruwa. Sababbin filaye kuwa su ne ba a gwada ba, domin wasunsu ba a taɓa ganin babban ruwa da gidaje a kansu ba.

Cefane bai bambanta sosai tsakanin unguwanni ba, sai dai nisa. Albasa da dankalin turawa na Tabelot, lemun Timiya, tumatir da dabino suna da kyau a lokacinsu. Hatsi kuwa daga kudu yake zuwa, Damagaram tana da nisan kusan kilomita 450, don haka gero da masara sun fi gida tsada. Mai iyali ya taho da buhunsa in zai iya, ya kuma nemi gida mai ɗan ɗakin ajiya. Harshe ba matsala ba ne, Hausa ce ake yi a kasuwa da titi, ko da yake gaisuwa biyu uku da Tamashek, harshen Abzinawa, tana buɗe fuska.

Akwai wadda ya kamata a fara tambaya kafin a yanke shawara, ita ce matar gida. Maigida zai fita da safe ya dawo da yamma, ita ce za ta yini da zafin kwanon, ita za ta tashi tarar ruwa, ita za ta nemi wadda za ta bar wa yara in ɗaya ya yi zazzaɓi. A tsakiya ko tsohon gari, kafin sati biyu ta samu maƙwabciyar da za su riƙa miƙa wa juna tuwo ta kan katanga. A layin da gida ɗaya ke tsakanin kangaye, za ta iya yini ba ta ji sallamar kowa ba, ga ƙura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa duk hunturu, in maigida ya yi tafiya kuma dare ya yi mata tsawo. Malamai na cewa a nemi maƙwabci kafin gida, kuma a garin da mutum ba shi da dangi maganar ta fi nauyi.

Don haka ga inda na tsaya. Gwauro, ko ɗalibi, ko ɗan kasuwar da harkarsa ke cikin kasuwa kuma yana da mai tsaya masa, ya nemi ɗaki a tsohon gari, ya tabbatar an yi yaɓen bana. Mai hali da ya zo zama, ya yi haya shekara guda tukuna, ya ga bazara ɗaya da damina ɗaya, sannan ya sayi fili a gefe. Ma'aikaci mai albashi da ƙananan yara kuwa, irin ƙanin maiɗakina, tsakiya ta fi masa, ko da ɗakunan sun fi ƙanƙanta kuma babu tayil.

Shawarar da na ba shi ke nan. Ya taho shi kaɗai, ya sauka wurin wani abokin aikinsa kwana goma. Na ce kowane gida ya je sau biyu, da azahar ya tsaya cikin ɗaki minti goma ƙofa a rufe, ya buɗe famfo da hannunsa, sannan ya koma bayan isha'i ya ga layin da dare. Gidan tayil ya faɗi tun a zuwan farko: famfon bai ɗiga ba, a ƙofar kowane gida na layin kuma akwai jarkoki a jere. Ya kama ɗaki biyu da falo na laka mai silin, tafiyar minti goma a ƙasa zuwa makarantar yara, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Mai gidan, wata Hajiya ce da ke zaune a sashen gaba, ta ce masa kafin ya kawo iyali ya sayo randa biyu manya da tanki ɗaya, domin ko a nan, in watan Mayu ya zo, ruwan safe ne kawai abin dogaro. Ya saya, ya aika wa matarsa kuɗin mota.